Head Hunters, Heavy Weather ko Bitches Brew: da wanne za a fara?

Kwanakin baya ɗan yayata ya turo min saƙo da daddare. "Kawu, na ga masu son jaz suna ta ambaton Miles Davis da Herbie Hancock da Weather Report. Data ba yawa, lokaci ma haka. Wanne zan fara saukewa?" Yaron ya taso da kiɗan Fela a kunnensa, ya kuma san waƙoƙin zamani na gida da na waje, amma bai taɓa zama ya saurari faifan da babu mai rera waƙa a cikinsa tun daga farko har ƙarshe ba. Amsar da na ba shi a daren kalma biyu ce: Head Hunters. Dalilin ne ya ƙi shiga cikin saƙon waya, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Abin da ake magana a kai shi ne kiɗan da Turawa ke kira fusion, wato haɗin gambizar jaz da rok da fank. A ƙarshen shekarun 1960 matasan Amurka sun juya wa jaz baya, sun koma wajen James Brown da Sly Stone da Jimi Hendrix. Wasu makaɗan jaz suka toshe kunne, wasu kuma suka ɗauko fiyano mai lantarki da jitar bes suka shiga kasuwar. Faya-fayen nan uku na waɗanda yaron ya ambata, wato Bitches Brew na Miles Davis, Head Hunters na Herbie Hancock da Heavy Weather na ƙungiyar Weather Report, duk 'yan gida ɗaya ne. Hancock ya yi wa Miles kiɗan fiyano daga 1963 zuwa 1968. Wayne Shorter ya busa masa saksofon tun daga 1964, Joe Zawinul kuma ya tsara masa kiɗa, kafin su biyun su kafa Weather Report a 1970. Kamfanin Columbia ne ya fitar da duka ukun. Sai dai uba ɗaya ba ya sa hali ya zo ɗaya.

Bari in fara da wanda ya fi suna, wanda kuma shi ne nake cewa a bari sai daga baya. An ɗauki Bitches Brew cikin kwana uku a New York, daga 19 zuwa 21 ga Agustan 1969, wato kashegarin ranar da aka tashi daga babban bikin kiɗa na Woodstock aka shiga situdiyo. Ya fito a Maris na 1970, faifai biyu a kwali ɗaya, kusan minti 94. Miles ya tara mutane fiye da goma: masu ganguna biyu a lokaci guda, cikinsu har da Jack DeJohnette da Lenny White, masu bes biyu, Dave Holland da Harvey Brooks, fiyano mai lantarki biyu, wani lokaci uku, a hannun Zawinul da Chick Corea da Larry Young, ga John McLaughlin da jita, ga Shorter, ga Bennie Maupin da wata doguwar sarewa mai ƙaurin murya da ke yawo a ƙasan komai kamar kada a ƙarƙashin ruwa. Bai ba su cikakken kiɗa a rubuce ba. Taki ya ba su, da ɗan tsarin sauti kaɗan, sai ya tsaya a tsakiya yana nuna wanda zai shiga da wanda zai ja baya. Idan ka kasa kunne da kyau a kiɗan da faifan ya ci sunansa, za ka ji dusasshiyar muryarsa yana raɗa musu umarni.

Bayan nan furodusa Teo Macero ya ɗauki zaren da aka naɗa, ya yanka nan ya liƙa can, ya maimaita wani guntu, ya ƙara wa ƙahon Miles amsa-kuwwa. Saboda haka abin da kake ji a "Pharaoh's Dance", kiɗan farko a faifan, ba a taɓa kaɗa shi a jere haka ba, a kan teburin yanka aka ɗinka shi. Minti ashirin ne wannan kiɗa, na biyun kuma kusan minti ashirin da bakwai. Babu amshi da za ka riƙe, babu taken da zai dawo ya ce maka ga inda aka kwana. Sautuka ne ke taruwa kamar hadarin Agusta, su yi duhu, su watse, su sake haɗowa.

Ni da shi na fara, kuma kuskure na yi. Na sa kaset ɗin a motar haya muna kan hanyar Zariya, don direban ya ce nasa sun ishe shi. Ba a yi minti biyar ba ya rage gudu, ya waiwayo ya ce, "Alhaji, kaset ɗin nan ruwa ya shiga ne?" Wata dattijuwa a baya ta ce a taimaka a cire, kanta ya fara sarawa. Gaskiyar magana ni ma a ranar ban gane komai ba, kunya ce kawai ta hana ni faɗa. Na jefa shi a akwati ya yi shekara biyu. Ba laifin faifan ba ne. Ya ci kyautar Grammy a 1971, shi ne kuma na farko da Miles ya sayar har ya kai matakin zinare, lambar da ake ba faifan da ya yi kasuwa sosai. Amma tuwon girma ne, ba a fara yaye da shi.

Head Hunters kuwa wani mutum ne da ya gaji da shawagi ya yi shi. Kafin 1973 Hancock yana jagorantar wata ƙungiya da 'yan cikinta suka ɗauki sunayen Sawahili, shi kansa ana kiransa Mwandishi. Sun yi faifai uku masu zurfi da wuyar shiga, kuɗi kuma ba ya shigowa. Sai ya sallami kowa ban da Maupin, ya ɗauko Paul Jackson a bes, Harvey Mason a ganguna, Bill Summers a ƙananan kayan kiɗa na hannu. Mutum biyar ke nan har da shi. Suka naɗi faifan a San Francisco a Satumban 1973, ya fito a Oktoba. Kiɗa huɗu ne kawai, duka-duka minti arba'in da 'yan kai.

Saurari yadda "Chameleon" ke buɗewa. Babu gaisuwa, babu share fage. Wani amo mai kauri ne ke hawa taki-taki, sauti goma sha biyu, ya kai ƙarshe ya koma farko. Mutane da yawa suna ɗauka jitar bes ce, alhali Hancock ne ke danna shi a wata na'urar sauti mai suna ARP Odyssey. Sai Mason ya shigo da ganga, a bushe, ba ado. Jackson da ke riƙe da bes na gaske sai ya haura can sama yana tsinkar tsirkiya kamar mai ƙaramar jita. Hancock ya ƙara wani fiyano mai kaifin murya, Clavinet, yana sara a tsakanin bugun ganga. Kowa da ɗan guntun da yake maimaitawa, ba mai taka ƙafar wani, kamar matan da ke daka su uku a turmi ɗaya, kowace taɓaryarta na sauka a inda ta 'yar'uwarta ta tashi. Duk wanda ya saba da kalangu yana riƙe ƙasa yayin da mawaƙi ke yawo a sama, kunnensa ya riga ya san wannan gini. Sauti biyu kacal ake juyawa a kai na tsawon mintuna, kuma ba ka gajiya.

Abin da ya sa na zaɓi faifan ga mai farawa yana wajen tsakiyar wannan kiɗa. Bayan jikinka ya saki, ƙafarka na bugawa, kwatsam sai ƙasa ta sauya. Jackson ya sauko ya karɓi bes da wani salo mai santsi, Hancock ya koma kan fiyanon Fender Rhodes, ya shiga ƙirƙira nan take, irin ta wanda ya yi shekara biyar a gefen Miles. Nan jaz na gaske yake, ba sassauci, amma ka iso shi ne a kan doki, ba da ƙafa ba. Kafin ka ankara ka saurari minti goma sha biyar da wani abu na kiɗan da babu kalma ko ɗaya.

Na biyu, "Watermelon Man", tsohon kiɗansa ne na 1962 da makaɗin Cuba Mongo Santamaría ya mayar abin rawa a shekarar da ta biyo. A nan an sake masa riga gaba ɗaya. Yana farawa da wani irin busa da ɗan ihu a tsakani, kamar makiyayi da sarewar kara. Bill Summers ne ke hura bakin kwalba yana kwaikwayon salon da ake kira hindewhu na mutanen Ba-Benzélé da ke dazuzzukan Afirka ta Tsakiya, inda mutum ɗaya ke musanya muryarsa da busa. Hoton bangon faifan ma daga nahiyar nan aka aro shi: fuskar nan mai da'ira da ƙahoni an gina ta ne a kan abin rufe fuska na ƙabilar Baule ta Kwaddibuwa. Ko an biya masu abin haƙƙinsu, wannan wata magana ce da masana kiɗa suka daɗe suna tayarwa, kuma tana da tushe.

"Sly" sadaukarwa ce ga Sly Stone, amma kada sunan ya ruɗe ka, shi ne mafi zafi a faifan. Yana farawa a hankali, sai ya ɓalle da gudu, Maupin na tsala ƙaramin saksofon mai muryar algaita, Mason kuma na yin abin da za ka rantse mutum biyu ne. Na ƙarshe, "Vein Melter", tafiyar hawainiya ce, bugun ganga kamar na masu rakiyar gawa. Idan ka gaji zai sa ka barci, kuma ban ɗauki hakan aibi ba.

Yana da nasa rauni. Dogon wasan da Hancock ya yi da na'urar ARP a rabin farko na "Chameleon" yana ɗan kauce wa daidai, kuma sautin na'urar ya tsufa, yau yana kama da kukan wasan yara na kwamfuta. Masu tsattsauran ra'ayin jaz a lokacin sun ce ya sayar da kansa. Jama'a ba su saurare su ba: faifan ya kai na 13 a jerin mujallar Billboard na faya-fayen kowane irin kiɗa da suka fi kasuwa a Amurka, abin da jaz ba ta saba gani ba, daga baya ya haura kwafi miliyan ɗaya. Masu hip-hop kuma sun yi ta yankar guntayensa suna gina nasu a kai, shi ya sa ɗan yayata zai ji wasu wurare kamar ya taɓa sanin su.

Saura Heavy Weather, wanda ya fito a 1977, na bakwai cikin faya-fayen situdiyo na Weather Report. Shi ne mafi gajarta, bai kai minti arba'in ba, kiɗa takwas, kuma shi ne mafi kyan gani a ido, in ana iya cewa haka game da abin ji. Ƙungiyar kanta taron ƙasashe ce: Zawinul ɗan Vienna ne ta Ostiriya, Shorter baƙar fatar Amurka daga Newark, Alex Acuña mai ganguna ɗan Peru, Manolo Badrena ɗan Puerto Rico, sai Jaco Pastorius, yaron Florida ɗan shekara ashirin da biyar.

Idan Hancock gini yake yi daga ƙasa, Zawinul zane yake yi daga sama. "Birdland", wanda ya sa wa sunan wani gidan jaz na New York da aka raɗa don girmama shahararren mai saksofon Charlie Parker, tsararren kiɗa ne daga farko har ƙarshe, kusan babu inda aka saki wani ya yi yawo. Take ne ke bin take, kowanne ya fi na baya daɗin riƙewa, har a kai wanda za ka wuni kana fito da shi ba ka sani ba. Mutum biyar ne, amma Zawinul ya jera na'urorinsa har suna amo kamar babbar ƙungiyar masu ƙaho. Ba mamaki da ƙungiyar Manhattan Transfer ta sa masa kalmomi ta rera shi bayan shekara biyu, don dama waƙa ce da ta rasa baki.

Sai dai wanda ake zuwa gani a wannan gida Jaco ne. Ya ɗauki jitar bes ƙirar Fender ya cire ƙarafunan da ke gicciye a wuyanta, ya shafe wurin da wani gam mai ƙarfi, sai yatsa ya samu damar zamewa daga sauti zuwa sauti kamar na mai goge. A farkon "Birdland" akwai wani siririn sauti da za ka ɗauka ƙaramar jita ce: shi ne, da bes. A "A Remark You Made" kuwa bes ɗin ne ke rera waƙar, yana karɓa daga bakin saksofon ɗin Shorter, da wani irin taushi mai sa mutum ya yi shiru. Wanda ya taso da waƙoƙin finafinan Indiya, wanda kari mai ratsa zuciya ya fi jan sa a kan bugun ganga, ta nan ƙofarsa take. "Teen Town" kuma bai cika minti uku ba, Jaco ne ya tsara shi, shi ya kaɗa bes, shi ya buga gangunan, kuma har gobe masu koyon bes suna karya yatsu a kansa. Richard Bona na Kamaru ya sha faɗa cewa jin Jaco ne ya sa ya rungumi bes, daga baya kuma ya yi aiki da Zawinul ɗin kansa. Jaco bai yi tsawon rai ba. Ciwon ƙwaƙwalwa da shaye-shaye suka cinye shi, ya rasu a 1987 yana da shekara 35, bayan dukan da wani mai gadin gidan rawa ya yi masa a Florida.

To me ya hana ni cewa a fara da shi? Daɗinsa ya yi yawa, kuma yana iya koya wa sabon kunne abin da ba haka ba. Wanda ya shigo ta "Birdland" zai ɗauka duk kiɗan nan haka yake, a goge, a shirye, sai ya je gaba ya yi karo da bango. Kuma Shorter, wanda a ganina ya fi kowa zurfi a cikinsu, an tura shi gefe. Ya tsara "Harlequin" da "Palladium", amma busarsa ba ta samu fili yadda ta samu a wajen Miles ba. "Rumba Mamá", ganguna da ihu da aka naɗo a wani wasa a Montreux, cikon benci ne kawai.

Akwai kuma maganar da ba a cika yi ba, ta abin da za ka saurara da shi. Mafi yawanmu da waya muke ji. Sifikar waya ba ta fitar da ƙasan sauti, kuma duka ukun nan a ƙasa ransu yake. Heavy Weather ne ya fi jure wannan wulaƙanci, saboda takensa a sama suke, za ka ji su ko a cikin hayaniyar kasuwa. Head Hunters a sifikar waya rabin kansa ne, amma da abin saƙalawa a kunne ko mai araha ne zai tashi. Bitches Brew kuwa kada ma ka gwada shi sai kana da abin kunne mai kyau da ɗaki shiru, don an raba makaɗan ne dama da hagu, ganga ɗaya a wannan kunne, ɗaya a wancan, fiyano ma haka. In ka haɗe su a ƙaramar sifika ɗaya, abin da direban nan ya ji shi za ka ji.

Idan kuma kai mai koyon kiɗa ne, lissafin ya ɗan sauya. Mai bes ya tafi wajen Jaco kai tsaye, amma ina ba shi shawara ya fara koyon zama a wuri ɗaya irin na Paul Jackson kafin ya koyi tashi sama. Mai ganguna ya zauna da Harvey Mason, daga nan ya nemi Thrust na 1974, faifan da ya biyo bayan Head Hunters, inda Mike Clark ya karɓi gangunan ya yi "Actual Proof". Mai jita fa, a nan akwai abin dariya: Head Hunters da Heavy Weather duka babu mai jita a cikinsu. Shi sai ya nemi The Inner Mounting Flame na 1971, na ƙungiyar Mahavishnu Orchestra, inda McLaughlin ɗan Ingila da Billy Cobham mai ganguna suke gudu kamar an biyo su, ga goge irin na Turawa a hannun Jerry Goodman. Ƙarar tana da yawa, ni kaina ba na iya cinye shi a zama ɗaya. Ko kuma ya nemi Jack Johnson na Miles, shi ma na 1971, wanda ya fi Bitches Brew sauƙin shiga nesa ba kusa ba.

Ga ɗan yayata dai, Fela ne ya yanke hukuncin. Wanda ya iya zama minti goma sha biyar yana jin Tony Allen, mai gangunan Fela, na riƙe da taki ɗaya, ana jera jita a kan bes, ƙahoni a kan jita, kafin ma a buɗe baki, ya riga ya yi rabin karatun Head Hunters. Ba haɗuwar banza ba ce: Fela ya je Amurka a 1969 ya dawo da sabon kiɗa, James Brown ya zo Najeriya a 1970, rijiya ɗaya suke ɗiba da Hancock, kowa da gugansa.

Abin da na rubuta masa a ƙarshe shi ne ya sauke Head Hunters, ya sa abin kunne, ya ji shi sau biyu a jere ba tare da ya taɓa waya ba. Bayan mako guda ya ƙara da Heavy Weather. Ranar da ya ga ya fara ƙosawa a "Birdland", ya fi ɗokin wurin nan na tsakiyar "Chameleon" inda fiyano ke ɓallewa, to ya buɗe Bitches Brew, amma ba daga farko ba. Ya tsallaka zuwa faifai na biyu, ya sa "Miles Runs the Voodoo Down". Minti goma sha huɗu ne, yana tafiya a hankali a kan bugun ganga irin na New Orleans da Don Alias ya kawo, bes na riƙe da ƙasa ba ya motsi, ƙahon Miles na shigowa da sanɗa kafin ya fara tsawa. Daga nan ya koma "Spanish Key". "Pharaoh's Dance" zai jira shi.

Ya amsa da cewa, "To Kawu, na sauke. Amma wannan na kwalbar, da gaske kwalba ce?"